A Baleta, Ji Ne Ya Kori Gani

'Yan uwana ɗalibai, Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ni kuwa da na je Baleta, babban birnin ƙasar Malta, sai na tarar da akasin haka. Na dawo da hotuna kamar kowa, amma tsarabar da ta zauna mini a rai, kunnena ne ya ɗauko ta.

Malta 'yan tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili na Italiya, kuma mutanenta rabin miliyan ne da 'yan kai. Na raka yayana ne da aikinsa ya kai shi can na mako guda. In ya tafi taro da safe, ni sai in shiga gari.

Ba zan raina abubuwan kallon birnin ba. An aza harsashinsa a 1566, shekara guda bayan Turkawa sun yi wa tsibirin ƙawanya sun kasa cin sa, aka kuma raɗa masa sunan Jean de Valette, shugaban mayaƙan da suka tsare shi. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, ga ganuwar dutse, ga teku kusan ta ko'ina. A 1980 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Na shiga babbar majami'ar Yahaya, inda aka ajiye zanen da Caravaggio ya yi a 1608. Na tsaya a lambun Barrakka ina kallon tashar jiragen ruwa har aka buga igwa da ƙarfe goma sha biyun rana. Duk wannan, mai kyamara zai iya kawo muku.

Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne wanda na ji a wani ɗan kanti. Wata tsohuwa tana ƙirga wa mai sayayya canji, sai na ji ta ce "ħamsin". Na juya da sauri, na zaci wani ɗan gida ne ya shigo. Ashe hamsin ɗinmu ce. Daga nan na kasa kunne. Sittin ɗinsu "sittin" ce. Alhamis "il-Ħamis", Talata "it-Tlieta". In za su yi wa baƙo maraba sai su ce "merħba". Albasa "basal", labari "aħbar". Yawancinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, amma a majami'a "Alla" suke kira.

Dalili shi ne, Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, kuma harshen Malta daga Larabci ya tsiro, daga baya ya sha aro daga Italiyanci da Ingilishi. A nan muka bambanta: mu aron kalmomi muka yi daga Larabci, su kuwa shi ne tushensu. Sai ga shi da haruffan boko suke rubuta shi, kamar yadda muke yi. Wanda ya zauna ajin aron kalmomi, a nan zai ga darasin yana tafiya da ƙafafunsa.

Wani abin da ya fi taɓa ni shi ne allunan tituna. Babban titin birnin an rubuta masa "Triq ir-Repubblika". Haruffansu na musamman, ċ da ġ da ħ da ż, suna nan daram a kan allunan hukuma. Sai na tuna yadda muke rubuta "kasa" alhali ƙasa muke nufi, mu ce ai mai karatu zai gane. Kada kuma a zaci haka suka taso suka gani. An daɗe ana yi wa harshensu kallon yaren kicin, Italiyanci ne na kotu da na masu ilimi. Sai a 1934 ya zama harshen hukuma tare da Ingilishi, a 2004 kuma ya shiga jerin harsunan aiki na Tarayyar Turai. Ke nan ana biyan mutane albashi don su fassara dokokin Turai zuwa harshen da masu jin sa ba su kai mutanen wata unguwar Legas ba.

Wani zai ce ai yawon buɗe ido hutu ne, ba aji ba, kuma da Ingilishi za ka gama harkarka a Baleta. Gaskiya ne, har na ji matasansu suna cuɗa harsunan biyu kamar yadda muke yi. Amma wanda ya tsaya a Ingilishi, ginin kawai ya gani, bai gaisa da masu gidan ba.

Shawarata ita ce, duk inda Allah ya kai ɗayanmu, ko Baleta ko kasuwar bayan makaranta, ya tafi da ɗan littafi da biro, ya rubuta abin da ya ji. Ranar da kuma wani ya sake tambayar ku me za ku yi da digirin Hausa, ku ba shi labarin Malta. Allah ya sa mu dace.