Kan Eriyar Tauraro da Ake Tallata Mana

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, maganata a kan eriyar rediyon tauraron ɗan'adam ce, wadda wasu masu wayarin mota suke kwaɗaita mana.

Ku sani, rediyon SiriusXM da ke zuwa cikin motocin Amurka, na Amurka da Kanada ne, kuma can ma sai an biya kuɗin wata. Ko an kafa masa eriya goma, tashoshinsa ba sa iso mu. Wanda aka yi domin Afirka shi ne WorldSpace, an harba tauraronsa a 1998, kamfanin ya karye a 2008.

Ni dai an ci kuɗina. Wani yaro a nan Dutse ya karɓi kuɗin buhun gero sukutum, na eriya da waya da ladan aiki. Ya huda mini rufin mota, ya jona waya kai tsaye da batir, babu fis. Rediyo ko tari bai yi ba. Ranar Alhamis bayan Asuba zan tafi Maigatari, mota ta ƙi tashi, wayar ta kwana tana shan batir. Kafin in isa an gama cinikin safe, riɗin da dillali ya ajiye mini wani ya ɗauka.

Eriyar sanda ta ishe mu jin Rediyon Jigawa da Freedom a hanyar Shuwarin da Gujungu. Mai son a sa masa, ya yanke ciniki tun ba a kwance noti ba, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. A sa fis a gabansa, kuma kada ya biya sai tasha ta yi magana.

Wassalam.