Mashayin da ya ce zai daina, ina za mu kai shi?

Wani magidanci a Kucheri ya samu yayansa ya ce masa: "Yaya, na gaji da kwalbar nan, ka taimake ni." Aka shiga neman inda zai riƙa zama da waɗanda suka sha suka bari, su ƙarfafa masa gwiwa. An tambaya a Tsafe, an tambaya a Gusau. Amsa uku aka samo: a kai shi Hisba, a kai shi gidan mari, ko a yi masa addu'a a ƙyale shi. Wani dattijo ma cewa ya yi ai babu giya a Zamfara. Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai.

Gaskiya ne tun ranar 27 ga Oktoba 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka rufe mashaya, kuma ina cikin masu murna da hakan har gobe. To amma rufe mashaya daban, raba mutum da jarabar da ta shiga jininsa daban. Burkutu da ogogoro da 'yar leda mai arha suna shigowa ta bayan fage, kowa ya sani. Mun hana sayarwa, muka tsaya nan, kamar aikin ya ƙare.

Addininmu bai yi haka ba. Mataki-mataki aka bi wajen haramta giya, daga Baƙara zuwa Nisa'i har Ma'ida, saboda Mahalicci ya san halin bayinsa. Kuma a cikin Bukhari akwai labarin sahabin da aka sha kawowa kan laifin sha, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Mu fa? Mu 'yan majalisar gulma ne. A nan ne ciwon yake, kuma sai na faɗa. Mutum ya yi wata biyu bai kurɓa ba, ya fito sallar Asuba, kafin hantsi an baza shi a teburin mai shayi: "Ka ga ɗan giya yau ya zama ustazu." Ya shigo sahu, na kusa da shi ya matsa. 'Yarsa ta samu manemi, wani ya tashi takanas ya je ya kai rahoton uban. Matarsa ta je gidan suna, a riƙa zunɗenta. In ya nemi bashin taki, a ce da kuɗin zai sha. Masu wannan gulmar sun san hukuncin cin naman ɗan'uwa sarai, suna ji a wa'azi kowace Juma'a, amma a wurinsu zunubin kwalba ne kaɗai zunubi. Sai ya waiga ya ga mutanen da ba sa kyararsa su ne abokan shansa na da. Ya koma, mu kuma mu ce dama mun faɗa.

Gidan mari kuwa, mun manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa? Makonni kaɗan bayan nan aka bankaɗo irinsa a Daura. Ga kuma abin da iyalai ba su sani ba: wanda ya daɗe yana sha kullum, in aka yanke masa lokaci guda, zai iya kamuwa da makyarkyata da jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga rasa rai. Wannan matakin na likita ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ya fi kilomita 200 daga Kucheri, kuma kowa ya san halin da hanyar Funtua zuwa Gusau take ciki. Mutumin da 'yan bindiga suka hana noma, da me zai yi kuɗin mota? 'Yan siyasar da ke raba wa matasa kayan maye lokacin zaɓe kuwa ba ka jin ɗuriyarsu a nan.

Bayan asibiti sai zama da 'yan'uwa. A 1935 a garin Akron na Amurka wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa hira da juna na hana su komawa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. A 1989 Musulmin Baltimore suka kafa tasu, Millati Islami, bisa koyarwar Musulunci. Babban sharaɗin shi ne sirri: abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka wanda ya taɓa faɗawa ya fi kowa iya jan ɗan'uwansa.

Abin da ake bukata tabarma ce, da aji ɗaya na Islamiyya bayan Isha'i, da ma'aikacin lafiya mai leƙowa, da limamin da zai iya riƙe bakinsa. Malaman Tsafe, Gusau da Bungudu, da hukumar Hisba: ku ba da ɗakin, ku ba da tabbacin cewa wanda ya zo da ƙafarsa neman tuba ba za a kama shi a bakin ƙofa ba.