Kafin Ciwo Ya Cinye Jari



Wani dare ina bakin aiki a ɗakin haihuwa aka kawo wata baiwar Allah da naƙuda ta yi mata tsawo. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Mijinta kayan miya yake sayarwa a kasuwa, ita kuma ɗinki take yi a cikin gida. Allah Ya taimaka, uwa da jariri suka fita lafiya. Da ta kawo yaron rigakafi na tambaye ta yaya sana'a, sai ta yi murmushin yaƙe ta ce, "Sista, ai keken ya tafi a kuɗin asibiti." Ta samu lafiya, amma abin da take ci da shi ya tafi.

Mu masu albashi ana cire mana kuɗin inshorar lafiya tun kafin kuɗin su shigo hannu. Ke kuwa mai kitso, mai lalle, mai ƙosai, ko mai tallar atamfa a WhatsApp, babu mai cire miki komai, don haka da yawa sun ɗauka abin na ma'aikata ne kawai. Ba haka ba ne. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, kuma dokar ta ce inshorar lafiya ta kowane ɗan Najeriya ce. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu suke fitowa.

Idan kalmar inshora tana ba ki tsoro, ki ɗauke ta kamar adashi. Kowa yana zubi, wanda ciwo ya sama a ranar shi ke kwasa. Shi ya sa a Kano ake ce wa tsarin taimakekeniya.

To ta ina za ki shiga? Ƙofa ta farko ita ce hukumar jiharku: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, sauran jihohi ma suna da tasu. Suna da tsari na masu sana'ar kansu, ki biya na shekara, ki zaɓi asibiti. Ta biyu ita ce GIFSHIP, shirin NHIA da aka yi don wanda ba shi da ubangidan aiki. Mutum ɗaya zai iya shiga, iyali za su iya, ƙungiya ma za ta iya. Ta uku ta masu ƙaramin ƙarfi ce, wato asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta samar. Ana fifita masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Guraben ba su da yawa, sai ki tambaya a asibitin matakin farko na mazaɓarku. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, ga mai hali, don nasu ya fi tsada.

Ki tafi da lambar NIN ɗinki da ta maigida, da takardun haihuwar yara. Kuɗin yana canzawa, don haka ki ji farashi daga bakin ma'aikatan ofishin, ki karɓi rasit. Kada ki ba wani ɗan tsakani kuɗi a titi.

Kafin ki biya, ki yi waɗannan tambayoyin. Yaushe katin zai fara aiki? Yawanci akwai lokacin jira bayan rajista, kuma a nan ne mata da yawa suke faɗawa: sai ciki ya kai wata tara ake neman kati. Awo, haihuwa da aikin fiɗa suna ciki? Me ba ya ciki? Nawa zan ƙara a kan magani? A tsarin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne naki. Idan ciwon ya fi ƙarfin asibitina, yaya ake tura ni babba? Sannan ki zaɓi asibitin da za ki iya kaiwa da tsakar dare, ba wanda sunansa ya burge ki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsarin yana da nasa ciwon kai. Wata rana za a ce maganin ya ƙare, wata rana ki daɗe a layi ana jiran izinin tura ki. Idan haka ta faru, ki kai ƙorafi ofishin hukumar da katinki a hannu, haƙƙinki ne. Amma na ga mai kati da marar kati a ƙofar ɗakin tiyata, kuma na san wacce mijinta yake zaune, da wacce nata yake waya yana neman rance.

Idan kuɗin shekara sun yi miki nauyi a dunƙule, ki raba su gida 52, ki riƙa jefa kason kowane mako a asusu. Ko ki kai maganar wurin 'yan adashinku, ku ware zubi ɗaya don rajista. Ki zauna da maigida yau, tun kowa yana da lafiya, ki rubuta ranar sabuntawa a wayarki don kada katin ya mutu ba ki sani ba.

Wadda ta riga ta yi rajista, ta faɗa mana yadda ta kaya a jiharsu don 'yan'uwa su amfana. Allah Ya ƙara mana lafiya da zuri'armu. Sai mako mai zuwa.