Jakara Na Ɗoyi, Alƙalumanmu Na Barci

Maganar wannan makon za ta yi wa wasunmu ɗaci, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A cikinmu akwai mai labarai biyar, duk jarumansa a Dubai suke shan iska, alhali shi kullum sai ya toshe hanci in zai bi ta Jakara ya shiga Kurmi. Mun iya siffanta gadon amarya har da launin labule, amma ruwan da ya ratsa tsakiyar birninmu, ko layi ɗaya ba mu ba shi ba. Wannan abin kunya ne.

Mu leƙa waje tukuna. Murjanin da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya halitta ce ta cikin teku. Danginsa ne ke gina manyan duwatsun murjani, irin na gaɓar Ostireliya mai tsawon kusan kilomita 2,300. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani kan kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Da hakan ta faru a 2016 da 2017, masanin halittun teku Terry Hughes da abokan aikinsa suka bi ta sama da jirgi suna aunawa. Ba su kulle sakamakon a durowa ba, sun yi ta bayani har duniya ta ji.

Kafin su akwai Rachel Carson, ita ma masaniyar halittun teku ce a Amurka. A 1962 ta fitar da Silent Spring, inda ta bayyana illar magungunan ƙwari da harshen da kowa zai gane. Kamfanoni sun yi mata ca, amma a 1972 aka hana amfani da DDT a gonakin Amurka. Ilimin na masana ne, amma alƙalami ne ya kai shi zauren talaka.

To mu dawo gida. Wani zai ce Kano ba ta da teku. Gaskiya ne, amma tana da Jakara. Ruwan kwatamin unguwanni da na mahauta da leda duk a ciki suke ƙarewa. A gaba ta haɗu da Getsi, mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, su gangara dam ɗin Wasai a Minjibir. A kudu kuma kogin Challawa na karɓar na Sharaɗa da Challawa, inda masana'antun jima ke aiki da sinadarin kuromiyam. Da wannan ruwa manoman rani ke ban ruwan salak da alayyafo da kabeji, kayan su dawo kasuwanninmu. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun sha auna ruwan nan da ganyen nan, sun samu ƙarafa masu guba. Ina binciken yake? Yana kan kanta, da Turanci, ƙura na cin sa. Uwar da ke yanka salak a Yakasai ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Haka kududdufan cikin birni. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidaje, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Mun cika su da shara, mun yi gini a kai, sannan in ambaliya ta shigo ɗaki mu ce ƙaddara. An rufe wani sashe na Jakara da kankare an shimfiɗa titi, ido ya huta, amma abin da ke gudana a ƙasa bai canja ba.

Mun san uzurin. “Masu karatu soyayya suke so.” To wa ya hana jarumin ya zama manomin bakin Jakara, wanda ya san ruwan ba shi da kyau amma ba shi da wani? Wa ya hana jarumar ta zama ɗalibar da ta gano abin da ke cikin ruwan, mahaifinta kuma a masana'antar jima yake samun na tuwo? Akwai rikicin da ya fi wannan? “Mu ba masana ba ne.” Ai ba a ce mu auna ruwa ba. An ce mu je mu tambayi waɗanda suka auna, mu fahimta, mu faɗa da Hausa ba ƙari ba ragi. Kada kuma mu ƙirƙiri alƙaluma don burgewa, ƙarya ɗaya kan rusa gaskiya goma.

Ba muna neman a rufe masana'antu ko a kori manomi ba ne. Muna neman a tace dagwalo kafin a sake shi, kuma ba mai matsa wa hukuma kan abin da bai sani ba.

Aikin wannan makon: kowa ya je kwatami ko kududdufin da ya fi kusa da gidansu, ya zauna da dattijo ɗaya ya ji yadda wurin yake a da, ya rubuto mana shafi guda. Wanda ba ɗan Kano ba, garinsu ma akwai Jakararsa. Muna jira a ƙasa.