Ɗakin Kwamfuta a Makarantunmu: Raddi Ga Masu Cewa Ƙofar Fitina Ce

Muna so mu tattauna da 'yan'uwa a kan wani lamari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da matasa suka kawo shawarar a ware ɗaki guda a Islamiyyar unguwa, a Tudun Wada ne ko Badarawa ko Kawo ko Rigasa, a zuba na'urori masu ƙwaƙwalwa don koyar da yara, sai wani ya miƙe ya ce wannan ƙofar fitina ce da Turawa suka buɗe domin rusa tarbiyya. Yana gama magana sai ya zauna ya zaro wayarsa ya ci gaba da duba WhatsApp!

Ba ma musun cewa akwai ɓarna a intanet. Akwai alfasha da caca da damfara da yaɗa ƙarya a kan bayin Allah. To amma ta wace ƙofa wannan ɓarna ta shigo gidajenmu? Tun da aka soma wayar salula a ƙasar nan a 2001 har ta kai ga wayar da ke hawa intanet, ɓarnar tana shigowa ne ta aljihun yaro, cikin dare, babu uwa babu malami a kansa. Wannan kam ba wanda ya iya hanawa. Abin da masu kururuwar fitina suka yi nasarar hanawa shi ne ɗakin da yaro zai zauna da rana tsaka, malaminsa na tsaye a bayansa, yana koyon abin da zai amfane shi.

Ku dubi irin asarar da wannan ya jawo mana. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Yau yaron da ya haddace Alƙur'ani, ya iya lissafi, ya kwana yana bita, zai shiga ɗakin jarrabawa alhali ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Lokaci na tafiya, shi yana neman inda zai danna. In ya faɗi sai mu ce an yi mana maƙarƙashiya. Wane ne ya yi maƙarƙashiyar, in ba wanda ya hana shi koyo ba? Haka nan tun da gwamnati ta tilasta haɗa lambar NIN da layin waya a ƙarshen 2020 muka ga iyayenmu suna layi a shagunan kwamfuta, suna miƙa wa baƙo sirrinsu da kuɗinsu don ya cike musu abin da jikansu ya kamata ya cike musu a gida.

Abin takaicin ma shi ne, mu ne ya fi cancanta mu gane amfanin na'ura. Da me karatun marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fita daga Masallacin Sultan Bello ya kai ƙauyukan Arewa har ƙetaren iyaka? Da Rediyon Kaduna, sannan da kaset. Rediyon nan da ke sa kiɗa shi ya ɗauki tafsiri, ba a kuwa ce a fasa shi ba. Yau ɗalibi yana iya ɗaukar dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu a cikin manhajar Maktaba Shamila, ya gano asalin magana cikin minti guda, abin da a da sai ya yi tattaki. Wanda bai iya na'urar ba, duk abin da aka turo masa aka ce hadisi ne sai ya haɗiye.

Kada kuma a ce talauci ne. A nan jiharmu, a Kafanchan, gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta soma ne da bai wa matan karkara ƙananan rance. Daga nan ta tattaro tsofaffin kwamfutoci ta gyara, ta buɗe ajin koyarwa a Bayan Loko, ta jingina da hasken rana saboda rashin wutar lantarki, har ta kafa hanyar intanet mara waya mai suna Zittnet domin garin da kewayensa. Mutanen Kafanchan ba su fi mu kuɗi ba. A Kano ma cibiyar CITAD ta faro ne a matsayin ɗan shirin koyar da kwamfuta tun shekarun 1990. Mu kuwa da muke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a tsakiyar Tudun Wada da Jami'ar Jihar Kaduna a gefenmu, ga 'ya'yanmu da suka karanci fannin suna zaman majalisa babu aikin yi, mene ne uzurinmu?

A nan dole mu juya ga masu hali. Muna ganin yadda ake rige-rigen tsawaita hasumiya da sauya tayil ɗin da bai tsufa ba, a masallacin da makarantarsa ba ta da ko na'ura ɗaya. Allah Ya saka wa mai ginawa da alheri, amma ya sani cewa kwamfuta goma 'yan gwanjo da farantan sola da batir ba za su ci abin da hasumiyar ta ci ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin makarantu da su daina jiran gwamnati. A ware ɗakin, a sa allunan na'urorin su fuskanci malami, a toshe shafukan banza. A tsayar wa 'yan mata lokacinsu da malama mace, domin su ne ake fara mantawa, alhali jarrabawa ɗaya suke zaunawa da maza. Sannan a yanka wa mai koyarwa albashi daga asusun makaranta tun ranar farko, don in aka bar shi da "Allah Ya saka" kawai, ba a jimawa zai nemi wani aikin, na'urorin su koma ɗaukar ƙura a bayan ƙofa.