Kimiyya a Gareji: Me Shok Yake Yi?

Ɗalibai, da yawanku a Kanya Babba da ƙauyukan Babura a bayan babur kuke zuwa makaranta. Gobe ku leƙa ƙarƙashin kujerar Boxer, za ku ga bututu biyu, kowanne da sifirin a nannaɗe. Su ne shok.

Sifirin nauyi kawai yake ɗauka. In aka bar shi shi kaɗai, babur zai yi ta tsalle kamar kwaɗo. Aikin yana cikin bututun, inda akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Da taya ta faɗa rami, sai man ya matsu ta ƙofofin nan, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Sauyin makamashin da malamin fizis yake koya muku ke nan.

Idan robar bakin bututun ta cinye, mai ya tsiyaye, taya takan riƙa rabuwa da ƙasa, birki kuma ba zai kama da wuri ba. Zoben nan mai hawa-hawa da ke gindin sifirin ana murɗa shi ne in za a ɗora buhun gero, kuma tilas gefe biyun su tsaya a hawa ɗaya. Ba ya tayar da mataccen shok.

Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ana kwance shok ɗinta na gaba a sabunta kayan ciki. Yawancin na yanzu a liƙe suke zuwa. Masu huda su suna ɗura baƙin mai, a ganina, wasa suke da rai. Gara a sayo biyu tare a Ƙofar Ruwa.