Taron Masu Sabuwar Sana'a: Kasuwa Ne Ko Biki?

Akwai wani abu da ya zama yayi a zamanin nan, watau taron samari da 'yan mata waɗanda suka kafa ƙananan kamfanoni, ko suke shirin kafawa. Akan kama babban ɗaki a otal, a rataya wa kowa sunansa a wuya, manya su yi jawabi, a tafa, a ci shinkafa, a watse. Ni a ganina irin wannan taro kasuwa ya kamata ya zama. In aka tashi ba wanda ya sami mai saye, ko mai ba shi jari, ko abokin aiki, to biki aka yi, ko da Gwamna ne ya buɗe shi.

Ba ina nufin duk tarurrukan nan aikin banza ba ne. A shekarar 2015 Gidauniyar Tony Elumelu ta yi alkawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara goma don ta tallafa wa masu sabuwar sana'a 10,000 a Afirka, kowa a ba shi horo da jarin dala 5,000. Shi ya sa taronta na Legas, da wanda aka yi a Abuja a 2019, suka cika maƙil. Haka kuma kamfanin Paystack, wanda wasu samari biyu suka kafa a Legas. A 2016 suka shiga shirin Y Combinator a Amurka, inda akan ba mutum 'yan mintoci ya tsaya gaban masu kuɗi ya bayyana hajarsa. A 2020 kamfanin Stripe ya sayi Paystack, aka ba da labarin kuɗin ya haura dala miliyan 200. Duk wuraren nan biyu, mai haja da mai kuɗi aka haɗa.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamin tarihi ya koya mana yadda fatake ke tashi daga Kano su tafi Gwanja sayo goro. In sun isa, wajen fatoma suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya nemo musu mai saye, in ciniki na bashi ne ya tsaya wa baƙonsa. Fatoma ba ya jawabi, amma baƙonsa ba ya komawa gida da kayan da ya zo da su. To, ai aikin mai shirya taro ke nan.

Amma dubi yadda akan yi. Kuɗin shiga kaɗai ya isa jarin mai tuyar ƙosai. Jawabin manyan baƙi kan ci lokaci har azahar, sa'an nan a ce masu sana'a su taƙaita don rana ta yi. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Daga buɗewa har rufewa Turanci ake yi, alhali kuwa alhazan Kantin Kwari da na Dawanau, waɗanda jarin yake hannunsu, da Hausa suke ciniki. Sau da yawa ma ba a gayyatarsu. Yaro ya ƙirƙiro hanyar sayar da hatsi ta wayar hannu, amma dillalin hatsi ko ɗaya babu a ɗakin. Wa zai gaya masa inda dabararsa za ta karye?

Wani zai ce ai jin labarin waɗanda suka yi nasara yana ƙara wa mutum ƙwazo. Gaskiya ne, amma wannan rediyo ma yana yi, ba sai an biya kuɗin mota zuwa Abuja ba.

Masu halarta su ma da nasu. Wanda zai je, ya tafi da samfurin kayansa da littafin lissafinsa. Ya san nawa yake kashewa a kan sabulu guda, nawa yake sayarwa, guda nawa yake iya yi a mako. Mai kuɗi wannan zai tambaya, ba kyan kwat ba. Masu shiryawa kuma su ajiye tebur guda don ma'aikatan rajistar kamfanoni, ko mutum ya fita da takardarsa.

Mu ma a nan makaranta muna iya gwadawa. Ƙungiyar Matasa Manoma tana da kaji da lambu, ga masu ɗinkin hula da masu gyaran fitila a ɗakunan kwana. Ina roƙon Shugaban Makaranta, ranar ba da kyaututtuka ta bana, a ba mu awa biyu da tebura a bakin babban ɗakin taro. Kowane ɗalibi minti uku, da Hausa ko da Turanci. Iyayenmu 'yan kasuwa kuma, don Allah ku zo ku taya, ku yi mana tambayar da za ku yi wa baƙo a kasuwa.